Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fastoci da Dattawan Ikkilisiya: Ƙofar da Muka Bari Ba Mai Tsaro

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiyoyin da ke sujada da harshen Hausa.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da Allah ya danƙa muku amanarsa. Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima cikin wannan aiki mai nauyi.

Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa zama a ajin makarantar tauhidi ba. Malamin firamare ne ni da ya yi ritaya, kuma fiye da shekara 20 ke nan ikkilisiyarmu ta ba ni aikin koyar da ajin baftisma. Saboda haka ina rubuto muku ne a matsayin ɗa ga iyayensa, ina kuma roƙo ku karɓi maganata da wannan fuska, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke koya wa jama'a yin tsaro daga Shaiɗan. Ban taɓa jin ana ambaton sunansa a majami'unmu kamar yadda ake yi a 'yan shekarun nan ba, amma duk da haka ina ganin ba mu taɓa sakaci da shi kamar yanzu ba, domin mun tsaya da makamai a ƙofar da ba ta nan yake shigowa ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana, wanda har yau yake hana ni barci. Wani saurayi a ƙauyenmu ya yi doguwar jinya, idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, a asibiti aka ce ciwon hanta ne kuma an makara da kawo shi. Bayan an binne shi, danginsa suka tafi wani gidan addu'a, inda mai gidan, wanda ake kira annabi, ya ce musu mutuwar ba ta Allah ba ce, akwai wanda ya kama kurwarsa a cikin gida. Kafin mako ya zagayo yatsa ya nuna wata tsohuwa, matar marigayi ƙanin kakansa, wadda ta yi shekaru masu yawa tana ɗaura zanen Zumuntar Mata, tana share majami'a ranar Asabar. Tsufa ya riga ya taɓa hankalinta, takan fito da dare tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, kuma duk abin da aka tambaye ta sai ta ce i. Aka tara mata jama'a, aka tambaye ta ko ita ta ci yaron, ta ce i. Aka kwashe rufin ɗakinta, aka kore ta, 'yarta ta zo daga wani gari ta tafi da ita, can kuma ta rasu kafin shekara ta cika. Yawancin waɗanda suka yi wannan aiki na san su, wasunsu ma ni na koya musu a ajin baftisma. Dattawan ikkilisiya suka ce maganar dangi ce, ba za su sa baki ba. Ni ma ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba, saboda tsoron kada a ce ina cikin mayun. Ranar Lahadi muka taru muka raira waƙar nasara a kan Shaiɗan, da ganga da kacau-kacau, alhali kuwa a wannan mako shi ne ya yi nasara a kanmu, da hannuwanmu ya kuma yi ta.

Ayar da kowa ya sani a kan wannan batu ita ce 1 Bitrus 5:8, inda manzo ya kwatanta magabcinmu Iblis da zaki mai ruri wanda yake zagayawa yana neman wanda zai cinye. Mun riƙe zakin, mun manta da abin da ya zo kafinsa. Umarni na farko a ayar shi ne mu natsu, sa'an nan mu zauna a faɗake. Idan kuma muka koma sama kaɗan, za mu ga surar ta fara ne da gargaɗi ga dattawa, cewa su yi kiwon garke ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna iko a kan waɗanda ke hannunsu ba, daga nan ta yi maganar tawali'u, ta ce mu zuba wa Allah dukan damuwarmu domin yana kula da mu. Sai bayan wannan duka aka ambaci zaki. Ashe tsaron da Bitrus yake nufi tsaro ne na mutumin da hankalinsa yake kwance, ba na taron da tsoro ya firgita ba. Ya kuma kamata mu tuna wanda ya rubuta maganar. Shi ne wanda Ubangiji ya gaya wa cewa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe su kamar alkama, shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce ko kurkuku ko mutuwa yana tare da shi. A daren nan ya yi barci a Getsamani lokacin da aka ce ya yi tsaro da addu'a, ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, sa'an nan ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baranya. Babu maye ko ɗaya a cikin labarin faɗuwar Bitrus. Dogara ga kai ne, da barci, da zafin zuciya, da tsoron mutane. Da ya tsufa ya ɗauki alƙalami yana gargaɗin masu bi da ke warwatse a Fantas da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, ya san ainihin hanyoyin da zakin yake bi, domin akwai tabon haƙoransa a jikinsa.

Iyayena, kun fi ni sanin ma'anar sunayen magabcin nan. Shaiɗan a harshen Ibrananci yana nufin abokin gaba mai kai ƙara, kalmar Helenanci kuma da ake fassarawa Iblis tana nufin mai ɓata suna da yanke. A littafin Ayuba aikinsa shi ne zargin mutumin kirki, a Wahayin Yahaya 12:10 an kira shi mai ƙarar 'yan'uwanmu dare da rana, Ubangiji da kansa kuma ya ce a Yahaya 8:44 shi mai kisankai ne tun farko, uban ƙarya kuma. To, idan taron Kirista ya kama gwauruwa ko maraya ya ɗora masa laifin da babu mai iya tabbatarwa, ba shaida sai mafarkin wani ko wahayin wanda aka biya kuɗi, har ya kai ga duka ko kora ko kisa, aikin wa aka yi? Zargi, ƙarya, kisankai: sana'arsa ce gaba ɗaya, mun karɓa muna yi masa kyauta, muna kuma kiran ta yaƙin ruhaniya. Maimaitawar Shari'a 19:15 ta hana a tabbatar da laifi a kan mutum sai da shaidu biyu ko uku. Ku dattawa kuna da wannan kariya a 1 Timoti 5:19, kuna kuma tunawa da ita duk ranar da aka kawo ƙarar ɗayanku, daidai ne kuwa. Roƙona shi ne ku shimfiɗa wannan inuwa har ta rufe tsohuwar da ba ta da kowa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa babu aljanu ko babu ikokin duhu, domin Afisawa 6:12 ta faɗa a fili cewa da su muke kokawa. Amma ayar nan ɗin ce ta fara da cewa kokawarmu ba da nama da jini ba ce, tsohuwar nan kuwa nama da jini ce. Na bincika Linjila huɗu ban ga inda Yesu ya nuna wani mutum ya ce shi ne ya ci wane ba. Waɗanda aljanu suka kama, a matsayin masu shan wahala ya ɗauke su. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa da yake kwana a makabarta yana yanka jikinsa da duwatsu, ƙarshen labarinsa shi ne an same shi a zaune, saye da tufa, cikin hankalinsa, Ubangiji kuma ya ce masa ya koma gida wurin mutanensa. Yesu yana mayar da mutane gida, mu kuwa muna fitar da su daga gida da sunansa. Da almajirai suka ga makahon nan tun daga haihuwa suka tambaya laifin wa ne, ya ƙi ba su wanda za su ɗora wa. Ko a Afisa, inda sihiri ya yi katutu, Ayyukan Manzanni 19 ta nuna masu yin sa da kansu suka zo suka bayyana ayyukansu, suka ƙone littattafansu da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, domin tsoron Allah ya kama su bayan sun ji Magana. Ba wanda ya jawo su da igiya, ba wanda ya ɗora musu bulala don su amsa.

Gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa juna ita ce tsohon tsoron nan na kakanninmu, na kama kurwa da ƙanƙarar maita da tilasta wa wanda ake zargi ya tsallake majinyaci, bai mutu ba. Ya yi wanka ne kawai ya sa farar riga ya shigo majami'a. Inda dā ake zuwa wurin boka a ji wanda ya yi, yanzu gidan addu'a ake zuwa. Inda dā ake ɗaura laya da guru, yanzu kwalbar mai da ruwa da hankici ake saye, an kuma sa musu farashi, alhali Bitrus ya la'anci Siman mai sihiri a Samariya saboda ya zaci ana sayen baiwar Allah da kuɗi. Har yara ƙanana ba su tsira ba, sai ka ji an ce yaro ɗan shekara bakwai yana cikin ƙungiyar asiri, a yi ta dukansa har ya ƙirƙiro sunaye don a bar shi. A jihar Akwa Ibom abin ya yi muni har sai da aka kafa doka a shekarar 2008 wadda ta haramta laƙaba wa yaro maita, abin kunya ne kuwa a ce hukuma ce za ta koya wa masu bin Almasihu kada su azabtar da yara. Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa Shaiɗan yakan mai da kansa kamar mala'ikan haske. Wanda yake jiran ya gan shi da ƙaho da wutsiya a kan tsamiya da tsakar dare ba zai gane shi ba ranar da ya zo da Littafi a hammata.

Amma kada mu ɗora wa masu gidajen addu'a laifin duka, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutane suna zuwa can ne saboda a can ake sauraronsu. Uwar da ta binne 'ya'ya uku a jere tana neman wanda zai zauna da ita ya gaya mata dalili, idan kuwa fastonta ya zo ya karanta aya biyu ranar jana'iza bai sake leƙowa ba, za ta sami wanda zai ba ta amsa, ko da amsar ƙarya ce. Da wani ya kai ta da mijinta gwajin jini, watakila da an gano amosanin jini ne, cutar sikila da ake haifar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Haka farfaɗiya take, haka zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro, haka sanƙarau, haka ruɗewar tsufa. Waɗanda suka kawo mana bishara sun yi imani da Shaiɗan ƙwarai, sun kuma yi wa'azi gāba da shi, amma su ne suka gina asibitoci a Vom da Garkida da Wusasa, da asibitin ido a Kano, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. Ba su ga wani saɓani tsakanin durƙusawa a yi addu'a da tashi a auna jini ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka kuma koya wa iyayenmu karatu musamman domin kowa ya duba da idonsa abin da Allah ya ce. Bai kamata jikokinsu su koma dogara ga mafarkin wani ba.

Akwai wata ƙofa kuma, wadda nake taɓawa da rawar jiki domin na san ciwon da ke bayanta. Ita ce ƙofar fushi da ramuwar gayya. Babu mai gaskiya da zai ce ikkilisiyar Arewa ba ta sha wuya ba. Mun ga Kaduna a 2000, mun ga Jos a 2001 da 2008, mun ga Dogo Nahawa a 2010, da bom ɗin ranar Kirsimeti a Madalla a 2011. A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), a watan Oktoba na shekarar kuma hedikwatar ekklesiyar da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. A Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Da yawa daga cikinku kun binne membobinku a kabari ɗaya, wasunku kun yi wa'azi a sansanin gudun hijira. Ba zan koya muku zafin wannan ba. Neman adalci kuma ba zunubi ba ne, domin Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, Nehemiya kuma ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana.

Sai dai magabcin ba ya gamsuwa da gawa, abin da ya fi so shi ne zuciyar wanda ya tsira. Afisawa 4:26 da 27 sun haɗa abu biyu a numfashi ɗaya, kada rana ta faɗi muna cikin fushi, kada kuma mu ba Iblis ƙofa, ga shi a wasu garuruwanmu rana ta faɗi a kan fushi ɗaya fiye da shekara 20. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ya yafe ne don kada Shaiɗan ya ribace su, gama ba su jahilci dabarunsa ba. Ashe ƙin gafara yana cikin manyan dabarunsa. Mu faɗi gaskiya a gaban Allah: akwai lokutan da samarinmu, waɗanda aka yi wa baftisma, suka tare hanya suka kashe matafiyan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, saboda sunansu ko shigarsu kawai, aka kuma rufe maganar a cikinmu kamar ba a yi ba. Yaron da ya taso yana jin ana kiran wata ƙabila ko wani addini gaba ɗaya 'ya'yan Shaiɗan, ranar da ya ɗauki adda zai ɗauka aikin Allah yake yi. Yakubu da Yahaya ma haka suka zata sa'ad da suka nemi a sauko da wuta a kan ƙauyen Samariyawa, Ubangiji kuwa ya juya ya tsawata musu.

Allah bai bar mu ba shaidu a zamaninmu ba. Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, na ƙaramar hukumar Michika, wanda aka kama aka kuma kashe a Janairun 2020, ya yi magana a faifan bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, da natsuwa, ba zagi ba la'ana, yana nuna cewa bai karaya ba domin kowane hali mutum ya sami kansa yana hannun Allah. Wannan ita ce natsuwar da Bitrus yake magana a kai, a bakin zakin kansa. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa a faɗan addini a 1992, ya daɗe yana ɗauke da ƙiyayya, daga baya ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda dā abokin gabarsa ne, suka shafe shekaru suna aikin sulhu. A watan Yuni na 2018 kuma, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi miƙa su. Duk wa'azin da ba shi da wurin ajiye wannan dattijo, wa'azi ne da ya kauce wa gaskiya, kowace ƙarya kuwa mun san ubanta.

Game da kuɗi ba sai na tsawaita ba, kun ga abin da idanunku. Lokacin da MMM, harkar nan ta zuba kuɗi ta yaudara, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, masu bi da yawa ne suka yi kuka, wasu kuwa a harabar majami'a aka shigar da su, da sunan buɗi daga Allah. Yau caca tana cikin aljihun kowane saurayi ta wayar hannu. Rahoton shekarar 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suke ta'ammali da su, 'ya'yan mawaƙa da na dattawa kuma suna ciki. Yaron da ya kamu da tramadol, a kwana ana yi masa ihu a ka, da safe a sallame shi ba sana'a, ba magani, ba mai bibiyarsa, ya zama gidan nan na Matiyu 12 da aka share aka ƙawata aka bar shi ba kowa, wanda ƙarshensa ya fi farkonsa muni.

Yanzu ku yi mini haƙuri in matso kusa da bagade. Gwaji uku da aka yi wa Ubangiji a jeji bayan azumin kwana 40 ba gwajin mashaya ba ne, gwajin mai hidima ne. A mai da dutse gurasa, wato a yi amfani da baiwar Allah don cikin kai. A faɗo daga kan Haikali jama'a su gani, har da ayar Zabura 91 aka kawo masa hujja, wanda ya nuna iya jawo aya ba shi ne shaidar Ruhu ba. Sa'an nan mulkokin duniya da darajarsu, a kan sujada guda ɗaya tak. Ina tuna wannan na ukun duk lokacin da zaɓe ya gabato, na ga an tsayar da sujada don ɗan siyasa ya iso, an ba shi mumbari, an karɓi ambulan, daga ranar kuma bakin mai wa'azi ya mutu a kan zaluncinsa. Ina tuna shi lokacin zaɓen shugabannin ikkilisiya, sa'ad da ake raba ƙuri'a bisa ƙabila da yare, a ci mutuncin ɗan'uwa a ɓoye, sa'an nan a fito a ce Ruhu ne ya zaɓa. Shaiɗan bai shiga Yahuza a rana ɗaya ba. Yahaya ya gaya mana ya daɗe yana taɓa jakar kuɗin da aka ba shi riƙo. Hananiya da Safiratu kuma baiko suka kawo, a cikin ikkilisiya, a lokacin falkaswa mafi girma, can ne Bitrus ya tambaya me ya sa Shaiɗan ya cika zuciyar Hananiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa takan fara ne siririya, a inda ba mai dubawa. Wa yake duba littafin kuɗin ikkilisiya? Wa yake da ikon tambayar fasto inda ya kwana, ko dalilin da yake ganin matar wani shi kaɗai a ofis da sunan shawara? Luka ya ce bayan gwajin Iblis ya rabu da Yesu ne zuwa wani lokaci. Idan bai fid da rai ga Ɗan Allah ba, ba zai fid da rai ga mai farin kwala ba.

Idan kuma asiri ya tonu, maganar da muke ji ita ce sharrin Shaiɗan ne. Da wannan magana ake wanke babba, a yi masa canjin wurin aiki shiru, yarinyar da ya lalata kuwa a sa ta ƙarƙashin horo, ta zauna a bencin baya kowa yana kallonta. An bar jaki ana dukan taiki. Yakubu 1:14 bai bar mana wannan mafaka ba, ya ce kowa yakan jarabtu ne sa'ad da mugun burinsa ya janye shi ya yaudare shi. Tun a Farawa 4 Allah ya gaya wa Kayinu cewa zunubi yana fako a bakin ƙofa, amma wajibi ne ya rinjaye shi. Magabcin yana da ikon kiran mutum, ba shi da ikon ɗaukar ƙafarsa, 1 Korantiyawa 10:13 kuma ta tabbatar mana cewa Allah ba zai bari a gwada mu fiye da ƙarfinmu ba, tare da gwajin zai buɗe mafita. Mai bi da aka koya masa wannan zai iya tuba da gaske, domin ya san nasa laifin. Wanda aka koya masa cewa kowace faɗuwa jifa ce daga wani, har abada neman wanda ya jefe shi zai yi ta yi.

Abin da nake roƙo a gare ku, iyayena, ba sabon shiri ba ne mai bukatar kuɗi. Ina roƙo ku mayar da koyarwa a kan magabcin nan bisa ma'aunin Littafi, a ajin baftisma da makarantar Lahadi da taron matasa da na Zumuntar Mata, a faɗi cewa yana nan kuma mugu ne, a kuma faɗa da ƙarfi ɗaya cewa halitta ne shi ba kishiyar Allah ba, bai taɓa Ayuba ba sai da izini, an kuma riga an tuɓe wa ikoki makamansu a kan gicciye kamar yadda Kolosiyawa 2:15 ta ce. Ku duba makaman da aka lissafa a Afisawa 6, gaskiya da adalci da bisharar salama da bangaskiya da ceto da Maganar Allah, tare da addu'a. Ba kwalba a ciki, ba bulala, yawancinsu kuma hali ne da mutum yake sawa kowace safiya kafin ya fita gona ko kasuwa. Yakubu ya ce mu yi biyayya ga Allah tukuna, sa'an nan mu yi tsayayya da Iblis, zai kuwa guje mana. Mun so mu yi na biyun ba tare da na farkon ba.

Ina kuma roƙo majalisunku, tun daga ta ikkilisiyar ƙauye har zuwa ta gunduma da ta ƙasa, a ɗarikun ECWA, da COCIN da EYN da HEKAN da sauran 'yan'uwa na TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, da Anglika da Katolika da Baptis, su zartar a rubuce cewa duk memban da ya zargi wani da maita, ko ya kai sunan wani gidan addu'a don a duba, ko ya sa hannu a duka ko kora, shi ne zai shiga horo, a karanta wannan a gaban jama'a da Hausa da harshen garin. A sanar cewa gidan fasto mafaka ne ga duk wanda aka taso wa, kuma dattawa za su kira hukuma idan rai yana cikin haɗari, ba za su ƙara cewa maganar dangi ce ba. Bayan kowace jana'iza a sa mutum biyu su riƙa zuwa gidan makoki har wata uku, domin a waɗannan makonni ne ake shuka zargi. A nemi ma'aikatan lafiya da ke cikin ikkilisiya su riƙa bayyana wa jama'a cututtukan da ake ɗauka jifa ne. Littafin kuɗi kuma a buɗe shi ga membobi kowane wata uku.

A watan da ya wuce na shiga mota na je garin da 'yar tsohuwar nan take aure, na durƙusa a gabanta na roƙi gafara saboda shirun da na yi. Ta daɗe tana kuka, sa'an nan ta ce ta yafe mini, amma ta gaya mini cewa tun ranar da ta ɗauko mahaifiyarta ba ta sake taka ƙofar majami'a ba, 'ya'yanta huɗu ma haka. Ɗakin tsohuwar yana nan a ƙauyenmu ba rufi, damina biyu ta zuba a cikinsa. Na rubuta wa majalisar dattawanmu ina roƙo a sa maganar a zaman da ke tafe, ikkilisiya ta mayar da rufin da kuɗinta, ta kuma aika wakilai su je su nemi gafarar iyalin da sunan jama'a duka. Zan je zaman da kaina, ina kuma roƙon addu'arku, domin wasu daga cikin waɗanda za su yanke shawarar suna wurin ranar da aka kwashe rufin.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku, malamin ajin baftisma.